Ƙirar agogunan maƙera masu zaman kansu: tambayoyi da amsoshi kan gardamar masu tarawa

Masu tara agogon hannu ba su cika hirar lokaci ba. Kowannensu da waya a aljihu, kuma wayar ta fi duk agogon da ke kan teburin faɗin lokaci daidai. Hirarsu ta ƙira ce: wa ya zana wannan, wa ya goge wancan, me ya sa ɗaya ya shiga rai, ɗaya kuma ya tsaya a ido kawai. Gardamar takan fi zafi idan aka zo kan agogunan ƙananan maƙera masu zaman kansu, waɗanda wani lokaci kuɗin guda ɗaya ya fi na gida. Ga tambayoyin da sabon shiga ya fi yi, da abin da tsofaffin hannu ke cewa. Inda bakinsu ya rabu na kawo ɓangarorin biyu, inda nake da ra'ayi kuma ban ɓoye ba.

Wai wane ne "mai zaman kansa" a harkar agogo?

A takarda, duk kamfanin da ba ya ƙarƙashin manyan rukunoni irin su Swatch Group da Richemont da LVMH mai zaman kansa ne. In aka bi wannan ma'auni har Rolex ya shiga, tunda gidauniyar Hans Wilsdorf ce ke da shi, haka ma Patek Philippe da ke hannun iyalan Stern tun 1932. Amma ba su masu tarawa ke nufi ba. Suna nufin ƙaramin ɗakin ƙira inda mai sunan da ke rubuce a fuskar agogon yake raye, yana zaune a bakin teburin aiki, ko aƙalla shi ke da ta cewa a kan kowane zane. F.P. Journe, wanda ake ɗauka babba a cikinsu, abin da yake fitarwa na agogo mai inji a shekara bai wuce kusan dubu ɗaya ba. Roger Smith da ke tsibirin Man ba ya wuce ashirin.

Wahala ce ta haife su. Seiko ya fitar da agogon batir na Astron a ƙarshen 1969, kuma cikin kimanin shekara 15 masana'antar agogon Suwizalan ta rasa kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikatanta. Waɗanda suka ƙi barin sana'ar suka koma gyaran tsofaffin agoguna, wasu suna yi wa manyan kamfanoni aiki ba a ko ambaton sunansu. A 1985 Svend Andersen da Vincent Calabrese suka kafa ƙungiyar AHCI domin irin waɗannan su riƙa baje kolin aikinsu da sunan kansu.

Yanzu iyakar ta dagule. Chanel ya sayi kashi 20 cikin 100 na F.P. Journe a 2018, ya ƙara da kashi 25 na MB&F a 2024. Wasu masu tarawa sun ce daga ranar da kuɗin babban gida ya shigo, zaman kai ya ƙare. Mafi yawa dai tambaya ɗaya suke yi: wa ke riƙe da alƙalamin zane?

Me ya sa ƙira ta fi jawo musu a nan fiye da agogunan manyan kamfanoni?

Domin babu kwamiti. A babban kamfani zane kan bi ta hannun 'yan kasuwa da masu talla, kowa ya rage abin da zai iya ɓata wa wani rai, har abin ya fito sumul ba ya cizon kowa. A wurin mai zaman kansa kuwa, ɗanɗanon mutum ɗaya ne ke fitowa, da kyansa da aibunsa.

Dubi François-Paul Journe, haifaffen Marseille da ya kafa kamfaninsa a Jeniba a 1999. A fuskar kowane agogonsa akwai kalmomin Latin "Invenit et Fecit", wato shi ya ƙirƙira, shi ya ƙera. Yakan tura da'irar awanni gefe guda, ya ɗaure ta da zoben ƙarfe, ya bar kawunan kusoshin a fili. Lambobinsa ba girmansu ɗaya ba, wasu kan ƙanƙance don su ba wa wata da'ira wuri. Wanda ya saba da fuska mai tsabta zai ga kamar ba a gama aikin ba. Masoyansa kuwa wannan ne abin da suke biyan kuɗi dominsa: daga nesa, ko an rufe sunan, ka san na Journe ne. Wannan gwajin na rufe suna shi ne ma'aunin da na fi jin tsofaffin masu tarawa suna komawa gare shi, kuma shi ne ƙashin bayan duk abin da zai biyo baya a nan.

Na ji ana cewa sun kasu gida biyu. Su wa da wa?

Gidan farko na masu bin sawun magabata ne. Ubansu Philippe Dufour, wanda ke aiki a kwarin Joux na Suwizalan. Shi ya fara sa tsarin ƙararrawa mai buga awanni da rubu'in awa da kansa a agogon hannu, a 1992, amma abin da ya ɗaukaka sunansa agogo ne mai tsinke uku kacal da ya fitar a 2000, ya sa masa suna Simplicity. Faɗinsa milimita 34 ko 37, kuma kusan 200 ya yi a zubin farko, da yawa daga ciki masu tarawa na Japan suka saye. Ka gan shi a hannun mutum sai ka ce agogon kakansa ne. A wannan gida akwai Kari Voutilainen, ɗan Finlan da ya buɗe ɗakin ƙirarsa a Môtiers a 2002, mai kunnuwan agogo, wato ƙafafun da ke riƙe maɗauri, masu siffar ɗigon hawaye, da fuskokin da ake sassaƙa wa zane da tsohon injin juyawa na hannu. Akwai Laurent Ferrier, wanda ya yi fiye da shekara 30 a Patek Philippe, ya kuma taɓa zuwa na uku a tseren motoci na Le Mans a 1979, amma ya kira agogonsa Galet, wato tsakuwar da ruwa ya goge.

Gida na biyu na masu cewa agogo ba dole ne ya yi kama da agogo ba. Vianney Halter ya buɗe ƙofar a 1998 da Antiqua, mai tagogi huɗu dabam-dabam da aka kewaye da ƙananan kusoshi kamar tagogin jirgin ruwa. Urwerk, wanda maƙeri Felix Baumgartner da mai zane Martin Frei suka kafa a 1997, ya jefar da tsinkaye: lambar awa ce ke tafiya a kan ma'aunin mintoci, in ta kai 60 ta ɓace wata ta shigo. Sai Maximilian Büsser, wanda tun yana aiki a kamfanin Harry Winston ya fara jerin Opus a 2001 yana buga sunan maƙerin da ya yi aikin, kafin ya kafa MB&F a 2005. HM4 ɗinsa na 2010 kamar injinan jirgin sama biyu ne aka jera a wuyan hannu, ɗaya na nuna lokaci, ɗaya na nuna sauran ƙarfin sifirin.

Masu gidan farko na cewa na biyun kayan wasan yara ne masu tsada, kuma bayan shekara 20 za su tsufa kamar duk wani yayi. Na biyun su mayar da martani cewa na farkon maimaita aikin matattu suke yi da kyakkyawan hannu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai dai katangar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Tsarin awa mai yawo na Urwerk tsohon abu ne: 'yan'uwan Campani sun yi wa Fafaroma Alexander na 7 agogon dare mai irin wannan tsari tun ƙarni na 17. Shi kuma Büsser a 2011 ya fitar da Legacy Machine 1, zagayayyen agogo mai wilin bugu, wato wilin da ke kai-komo yana daidaita tafiyar agogo, yana shawagi a saman fuska ƙarƙashin gilashi mai doro, kuma Voutilainen ne ya tsara salon injin da gugarsa. De Bethune, wanda David Zanetta da Denis Flageollet suka kafa a 2002, ya tsaya ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can: titaniyom da aka gasa har ya koma shuɗi, alamar watan sama mai siffar ƙwallo, kunnuwa masu lanƙwasawa su bi hannu, amma maɓallin da ake murɗawa a yi wa agogo wani yana saman agogon kamar na aljihu na da. Da yawa daga masu tarawa da suka daɗe suna da na gida biyun a akwati ɗaya.

Me ya sa in ka miƙa musu agogo, kafin su dubi fuska sai su kifa shi?

Guga suke nema. Bayan agogon gilashi ne, kuma a nan ake ganin ko hannu ya taɓa injin ko inji ne kawai ya yi.

Abin da ido ke fara nema shi ne gefen faranti-farantin da ke riƙe da giyoyi. Ana gurje kaifin gefen da magagari, a zagaye shi, a goge har ya yi sheƙi kamar madubi. Dufour kan ƙarasa nasa da karan wani tsiron tsaunukan Jura da ake kira janshiyan, haɗe da garin guga. Wurin da ake gane na gaskiya shi ne kusurwar ciki, inda gefe biyu suka haɗu suka shige kamar bakin almakashi. Bakin injin yanka zagayayye ne, ba ya iya fitar da wannan kusurwa da kaifi, sai ya bar ta a dunƙule. Hannu ne ke tsaga ta. Bayan wannan akwai ratsi-ratsin da ake kira na Jeniba a kan faranti, da kuma baƙar guga: ƙarfen da aka daidaita har ya zama a wata fuska fari fat, in ka ɗan karkata shi ya koma baƙi wuluk, domin ba ya watsa haske ko'ina sai gefe ɗaya.

Ba kowa ke bin salon Suwizalan ba. Roger Smith yana bin na Ingila: faranti mai ƙurji-ƙurji da ruwan zinariya, ba ratsi, da zurfi da kauri. 'Yan'uwan Grönefeld, Bart da Tim, na garin Oldenzaal a Holan, suna yin farantansu da ƙarfe mara tsatsa, wanda ya fi wuyar guga nesa ba kusa ba. Journe kuwa daga 2004 ya koma yin injinansa da jan zinariya, kuma ko masoyansa sun yarda gugarsa ba ta kai ta Dufour ba. Abin dariyar shi ne tsofaffin nasa masu injin tagulla, na kafin 2004, su ake rububi yanzu a gwanjo.

A nan zan sa baki. Ƙidayar kusurwar ciki ta zama cuta. Tun da hotunan da ake ɗauka kusa-kusa suka cika Instagram, sai aka samu masu saye da ke auna agogo da yawan kusurwa, maƙera kuma suka lura, suka fara zana faranti mai lungu-lungu ba don injin na buƙata ba, sai don a sami abin ƙirgawa. Kusurwa 40 a kan faranti mara fasali ba ta kai biyar a kan mai fasali ba. Abin da ya sa bayan Simplicity ke burge mutum ba yawan kusurwa ba ne, yadda layukan ke kwarara ne, da tazarar da ke tsakanin faranti da faranti.

Da gaske da hannu ake yin su?

Mafi yawa a'a, in ana nufin daga farko har ƙarshe. Injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ke yanka sassan, sannan hannu ya yi guga da haɗawa da saiti. Masu tarawa ba su ɗauki wannan aibi ba. Ƙarya ce aibin.

Wanda ya yi kusan komai da hannunsa shi ne George Daniels na Ingila, wanda ya rasu a 2011. Shi kaɗai yakan yi inji da kwanso da fuska da tsinkaye, kuma shi ya ƙirƙiri tsarin sakin ƙarfi na co-axial, wato sashen da ke sakin ƙarfin sifirin kaɗan-kaɗan, wanda Omega ya ɗauka a 1999. Labarin da masu tarawa ba sa gajiya da maimaitawa shi ne na Roger Smith yana saurayi: ya kai wa Daniels agogon aljihun da ya yi, dattijon ya mayar da shi domin ana ganin alamar hannu a jiki, alhali aikin gwani bai kamata ya nuna wahalar da aka sha ba. Smith ya koma ya shafe fiye da shekara biyar yana yin na biyu kafin ya samu karɓuwa. Wannan agogo na biyu an sayar da shi dala miliyan 4.9 a gwanjon Phillips a 2023.

Greubel Forsey ya gwada komawa tsohuwar hanya da Hand Made 1 a 2019: kashi 95 cikin 100 da kayan aikin hannu, kimanin awa 6,000 a kan agogo ɗaya. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa sauran ba sa yi.

Wane girma ake so?

Yayi ya juya. A shekarun 2000 ana son milimita 43 zuwa sama, yanzu yawancin masu tarawa sun koma tsakanin 36 da 39. Amma tsofaffin hannu ba su cika kallon faɗi kaɗai ba. Sun fi duba kauri, da tsawon kunne zuwa kunne, da ko injin ya cika kwanson. Ƙaramin inji a cikin babban kwanso yana tona kansa daga gaba, domin ƙaramar da'irar daƙiƙa takan matso tsakiya ta bar fili a ƙasa.

Ina amfanin agogon da sai ka tsaya ka yi lissafi kafin ka san ƙarfe nawa?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba a gama ta ba. Wasu na ganin duk agogon da ya kasa faɗin lokaci da kallo ɗaya ya faɗi jarrabawar farko. Suna nuna wasu agogunan Greubel Forsey, inda turbiyon, wato kejin da ke juyawa ɗauke da wilin bugu, da rubuce-rubucen Faransanci da aka sassaƙa suka cinye fili, lokaci ya maƙale a lungu. Wasu kuma suka ce wanda ke gaggawar sanin lokaci ya duba waya.

Abin lura shi ne baƙon fasali ba ya nufin wuyar karatu. Urwerk, in ka saba da shi kwana biyu, ya fi agogo mai tsinke sauƙi: lamba ɗaya, wuri ɗaya. Ressence, na mai zanen kayan masana'antu Benoît Mintiens ɗan Beljiyam, faifai ne ke juyawa cikin faifai, kuma a Type 3 an cika saman da mai, sai lambobin su zama kamar a jikin gilashin aka rubuta su, ana ganinsu ta kowace kusurwa. Joker na Konstantin Chaykin ɗan Rasha, na 2017, fuskar mutum ce: ido ɗaya awa, ɗaya minti, harshe kuma shi ne wata. Wasu na ganin wasa ya yi yawa. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya kalle shi bai murmusa ba.

Me ya sa ake yawan ambaton Rexhep Rexhepi?

Domin labarinsa ya nuna ƙarfin fuska. An haife shi a Kosobo, ya zo Jeniba yana yaro a 1998, ya koyi aiki a Patek Philippe, ya kafa Akrivia a 2012. Agogunansa na farko turbiyon ne masu kauri da kwanso mai tudu da kwari, gugarsu ba ta da makusa, amma kasuwa ba ta yi musu rububi ba. A 2018 ya fitar da Chronomètre Contemporain: milimita 38, fuskar tangaran da ake gasawa a zafin da ya kai kusan digiri 800, lambobin Rumawa da layi ke kewayawa ciki da waje, da sunansa na yanka a kai maimakon na kamfani. A bayan, an jera injin dama da hagu daidai wa daida. Ya ci kyautar agogon maza ta GPHG, gasar agoguna ta Jeniba, a shekarar, na biyunsa ya sake ci a 2022. A 2019 ya ɗauko tsohon gwanin kwanso Jean-Pierre Hagmann daga ritaya ya zo ya koyar da yaransa.

Hannun bai canza ba tsakanin 2012 da 2018. Zanen ne ya canza.

Ko a nan akwai masu ja. Suna cewa daidaita dama da hagu hanya ce mai sauƙi ta burge ido, kuma aikin da ya fi wuya shi ne a karkatar da abu amma ya zauna daram, kamar yadda Journe da Daniels ke yi.

Dole ne maƙeri ya yi injinsa da kansa?

Ba dole ba ne, in ya faɗi gaskiya kuma farashin ya bi gaskiyar. Observatoire na Voutilainen, wanda ya fito da sunansa a 2007, tsohon injin Peseux 260 ne ya sake ginawa. Ressence a kan injin saye na kamfanin ETA ya ɗora tsarinsa. Naoya Hida na Japan ya ɗauki injin saye mai lamba 7750 ya cire masa ɓangaren auna gudu, ya rufe bayan da ƙarfe, ya zuba duk ƙarfinsa a fuska: lambobin da ake sassaƙawa da hannu a cika su da baƙin fenti, a kwanso mai milimita 37. Akwai masu cewa wannan kuɗi bai dace da injin saye ba. Akwai masu cewa fuskar suke kallo sau hamsin a rana, bayan kuwa sau ɗaya a wata.

Gaskiya ne sabbin da ke fitowa duk sun fara kama da juna?

Wannan ne ƙorafin da ya fi yawa yanzu, kuma ina cikin masu yinsa.

Bayan kuɗi ya kwararo cikin harkar daga 2020, sabbin sunaye suka yi ta ɓullowa. Da yawansu ƙwararru ne na gaske, wasu sun fito daga makarantar agogo ta Morteau a Faransa. Amma jera goma a tebur ka gani: milimita 38 ko 39, tsinke uku, babban wilin bugu mai tafiya a hankali, fuska a buɗe ko mai launin jan garura mai haske, lambobi salon tsohon maƙeri Breguet, baƙar guga, kusurwar ciki tuli, guda 12 ko 20 kacal za a yi, a biya kafin alƙalami a jira shekaru. Rufe sunayen, sai ka rasa na wane ne na wane.

Shi kansa tsarin biya kafin a ƙera aro ne. Abraham-Louis Breguet ya yi shi a 1797, mai saye ya ba da rubu'in kuɗi a fara aiki. Journe ya farfaɗo da shi a 1999 da turbiyon 20, domin a lokacin ba shi da jarin kafa kamfani. Yau kalmar ta koma ado, har waɗanda ba su rasa jari ba suna liƙa ta.

Masu kare matasan na cewa kowa da koyi yake farawa, Dufour ma daga tsofaffin agogunan kwarin Joux ya ɗauko salon faranti. Gaskiya ne. Suna kuma nuna waɗanda suka fita daban, irin su Raúl Pagès, wanda ya ci kyautar farko ta Louis Vuitton ga masu zaman kansu a 2024 da agogon da ya raba awa da minti da daƙiƙa, ya kuma sa tsarin sakin ƙarfi irin na agogunan jiragen ruwa na da, wanda ke da wuyar zama a hannu. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Dufour ya yi Simplicity a lokacin da kowa ke tseren turbiyon da girma, wato ya saɓa wa kasuwa. Mai yin irinsa yau bin kasuwa yake yi. Hannu ɗaya ne, zuciyar ce daban.

Laifin ba na maƙera ba ne su kaɗai. Mai saye da ke tunanin ranar sayarwa tun kafin ya ɗaura agogo ba zai yi kasadar baƙon zane ba, maƙerin da ke da albashin mutum biyar a wuyansa kuma ya san haka.

Richard Mille da H. Moser fa, suna ciki?

A takarda suna ciki. A zuciyar masu tarawa kuwa, rabi da rabi. Richard Mille ya fito a 2001 da kwanso mai siffar ganga da kayan motocin tsere, ya ɗaura wa Rafael Nadal turbiyon mai nauyin kusan giram 20 ya shiga fili da shi a 2010. Babu mai musun cewa ana gane shi daga nesa. Abin da ke korar wasu shi ne ya zama tambarin arziki fiye da na sana'a. H. Moser kuwa ya cire har sunansa daga wasu fuskoki, ya bar launi mai duhu a gefe da haske a tsakiya kawai. A 2017 ya yi agogo mai kwanson cuku don yi wa dokar "Swiss Made" ba'a, wadda ke neman kashi 60 cikin 100 kacal na kuɗin ƙira ya zama na Suwizalan.

Farashin gwanjo da kyaututtuka na nuna wane zane ya fi?

Suna nuna abin da ake so a wannan shekarar. Space Traveller na Daniels ya kai fam miliyan 3.6 a Sotheby's a 2019. Wani agogon ƙararrawa na Dufour ya kai dala miliyan 7.63 a hannun dillali, ba a gwanjo ba, a 2021. Agogon hannu na biyu da Journe ya taɓa yi, na 1993, ya kai faran na Suwizalan miliyan 7.32 a Phillips a 2024. Duka ukun tarihi da ƙaranci aka saya, ba kyan fuska kaɗai ba.

Chronomètre Bleu na Journe, mai kwanson tantalam da shuɗiyar fuska, a 2009 ya fito a matsayin mafi araha a gidan, kuma ya daɗe ana samunsa ba wahala. Daga baya farashinsa a hannun 'yan kasuwa ya ninka sau da yawa. Zanen kuwa yana nan yadda yake tun ranar farko.

Kyautar GPHG da ake bayarwa a Jeniba tun 2001 ta taimaki ƙanana ƙwarai: DB28 na De Bethune ya ɗauki babbar kyautar a 2011, MB&F a 2022. Sai dai wanda bai shigar da agogonsa gasa ba ba ya ci, kuma akwai manyan da ba sa shiga.

In mai sunan ya mutu ko ya sayar, me zai faru da ƙirar?

Daniel Roth ne misalin da ke sa masu tarawa yin shiru. Ya taimaka wajen farfaɗo da kamfanin Breguet, ya kafa nasa a ƙarshen shekarun 1980 da kwanso mai siffar da ba ta kowa ba, rabi zagaye rabi miƙe. Kamfanin ya fita daga hannunsa, ya faɗa hannun Bulgari a 2000, agogunan suka yi ta ƙara girma da hayaniya, shi kuwa ya koma aiki da wani suna, Jean Daniel Nicolas. A 2023 LVMH ya dawo da sunan, ya koma ga zanen farko. Masu tarawa sun raba zamanin gida-gida, kuma na farkon, wanda mutumin ke ciki, shi suke nema.

Akwai kuma maganar gyara. Injin da aka yi guda 20 kacal, ba a samun kayansa a kasuwa. Masu lura kan tambayi maƙeri tun kafin su biya: wa ya koya a hannunka, ina zanen sassan yake ajiye? Agogo mai sauƙin tsari kowane ƙwararren mai gyara zai iya yi masa sabon sashe. Mai sarƙaƙiya kuwa ya dogara da ran kamfanin.

Wanda ba shi da irin wannan kuɗi, ta ina zai koyi kallo?

Yawancin masu zazzafan ra'ayi a kan waɗannan agoguna ba su mallaki ko ɗaya ba, kuma ba laifi ba ne. Gidajen gwanjo irin su Phillips da Christie's da Sotheby's kan baje kaya kwanaki kafin ranar sayarwa, ana shiga a gani. Bikin Dubai Watch Week da aka fara a 2015 kan tara maƙeran da kansu, su zauna su amsa tambaya. Gidan tarihin agogo na La Chaux-de-Fonds da tarin ƙungiyar maƙeran agogo da ke gidan tarihin kimiyya na Landan suna nuna inda aka samo yawancin abin da ake kira sabo. Wasu maƙeran ma sun yi masu rangwame da injin saye na Miyota: Hajime Asaoka da Kurono Tokyo, Büsser da M.A.D.1, wanda saboda yawan masu nema sai an yi ƙuri'a.

Gani ya kori ji, kuma hoto yana yaudara ta fuska biyu. Yana ƙara wa guga girma har ƙurar da ido ba ya gani ta zama dutse, yana kuma ɓoye kauri da nauyi da yadda kunnuwa ke kwanciya a hannu. Shi ya sa tsohon mai tarawa, in ya gama kifa agogo ya duba bayansa da madubi, yakan ajiye madubin ya ɗaura agogon, ya tashi daga ƙarƙashin fitilun shago ya nufi taga, ya miƙe hannu ya kalle shi daga nisan da zai riƙa kallonsa kullum.